Talatin da Uku a Kan Biyar

Akwatin ƙarfen ya kawo jar wuta.

Harlan Tibbs ya goge yatsa a wando, ya sake dangwala shi a kan ɗan gilashin. Ja! A falo ƙofar da aka banke tana ta lilo. Matarsa Loretta na zaune a teburin cin abinci da cokali a hannu, wani ƙato da ya rufe fuska da safa yana tsaye a kanta. Harlan ya lashe yatsan, ya sake dangwalawa. Akwatin ya yi wata 'yar ƙara, ya kulle kansa gaba ɗaya. Da zanen yatsa yake buɗewa, yatsun Harlan kuwa tun dawowarsu daga coci suke cikin gasasshen haƙarƙarin alade, maiƙo har wuyan hannu.

Wani abu mai sanyi ya taɓa masa ƙeya.

"Baba tsoho, ka gama gaisawa da akwatin?" in ji muryar da ke bayansa. "Ɗaga hannu. A hankali, kada ka ɓata min riga da mai."

Hannu ya zo ya zare bindigar da ke ƙugun Harlan, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro.

Bari in tsaya nan in gaya muku wane ne Harlan. In ba ku san shi ba za ku tausaya masa, ni kuwa ba na son ku yi asarar tausayinku.

A nan garinmu Corley, cikin jihar Tennessee, duk namijin da ya ajiye aiki shagon Vernon mai sayar da bindigogi yake zuwa da safe, a sha kofi, a gyara duniya da baki. Harlan ya ajiye aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya rasa abin yi, sai tsoron ɓarayi ya zame masa sana'a. Ya zo ya ce ƙaramar bindiga yake so ta tsaron gida. Vernon ya miƙa masa libarba mai cin harsashi shida, ya ce ba ta cijewa, ba ta neman ilimi. Harlan ya juya ta, ya tambaya in mutum bakwai suka shigo fa? Vernon ya ce tun da ubansa ya buɗe shagon ba a taɓa samun mutum bakwai da suka yarda da juna a kan komai a Corley ba, balle su haɗu su yi sata.

Aka kawo fistol mai goma. Ya ce in hannu na rawa rabi zai tafi a bango. Aka kawo mai goma sha bakwai. Ya auna ta a tafin hannu, ya saita kan barewar da ke jikin bango, ya mayar. Aka yi zafi, aka yi sanyi, ƙanƙara ta zuba ta narke, Harlan na nan yana lissafin ɓarayin da ba su zo ba. Mu da muka yi farauta da bindiga mai harsashi ɗaya, muka ci nama kuma, sai dai mu kurɓi kofi mu dubi rufi.

Daga ƙarshe ya sayi mai goma sha bakwai ɗin. Bai ƙoshi ba. Ya tafi kasuwar baje kolin bindigogi ya sayo wani dogon gidan harsashi mai cin talatin da uku, wanda ke leƙowa ƙasan bindigar kamar taɓarya. Ya kafa allo a bakin hanyar gidansa: GIDAN NAN BA MA KIRAN 'YAN SANDA. Har a coci, in ya durƙusa addu'a sai abin ya bugi benci.

Abin da gari bai sani ba shi ne, a makon farko yana gwada zaro ta a kicin ya ɗirka wa firiji harsashi. Madara ta malale, agwagwar da ke ciki ta mutu karo na biyu. Loretta ba ta ɗaga murya ba. Ta ce daga yau harsashi mai rai a akwati zai zauna, a kulle, in ba haka ba ita ta tafi Memphis wurin ƙanwarta. Harlan ya lissafa wanda zai dafa masa abinci, ya bi doka. Sai ya sayo harsasan atisaye, masu ƙyalli kamar na gaske amma babu albarushi a ciki, ya cika dogon gidan da su. Da su yake tsayawa gaban madubi yana zarowa yana mayarwa, da su yake yawo a gari yana hura hanci. Bai gaya wa kowa ba.

Allon nan shi ya kira masa baƙi.

Lonnie Sparks yana da filin tsofaffin motoci a bayan gari, amma sana'arsa ta gaskiya satar bindigogi ce, ya tsallaka da su wata jiha ya sayar. Ba ya wahalar bincike. Allunan ƙofar gida yake karantawa: duk wanda ya rubuta yana da bindiga, ya rubuta wa Lonnie takardar gayyata ke nan. Su uku ne. Shi, da Odell ɗan ƙanwar uwarsa, ƙaton da ke ɗaukar jaka, da direbansu Curtis, siriri mai naci, wanda kowa ke ce wa Sauro. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Sauro ya fito a gaban alƙali, ba ni na ƙaga ba.

Ranar Juma'a da la'asar suka zauna a kan tsofaffin tayoyi suka tsara aikin: Lahadi bayan coci, lokacin da kowa ke kan abinci. Odell ya yi ta murza hannu, can ya ce wannan ne aikinsa na ƙarshe. An yi masa baftisma a kogi, kuma yana neman auren Darlene. Lonnie ya dafa kafaɗarsa ya ce madalla, ya aike shi ya sayo giya.

Motar Odell na fita, fuskar Lonnie ta canja.

"Ka san inda Darlene take aiki?"

Sauro ya ce ita ke amsa waya a ofishin 'yan sanda.

"To. Mutumin da ya fara gaya wa fasto zunubinsa, alƙali ne na gaba. Ranar Lahadi mu uku za mu je, mu biyu za mu dawo."

Sauro ya ce ai ɗan'uwansa ne, nono ɗaya iyayensu mata suka sha. Lonnie ya ce shi ya sa ma ba zai bari ya sha wahala ba. Sannan ya shimfiɗa masa dabarar, kuma dole in ce shegen yana da kai. A jiharmu, in ɗan fashi ya shigo maka gida da makami ka harbe shi, doka ba ta da abin cewa, sai dai a sa hotonka a jarida. To za su kulle tsofaffin a banɗaki. Lonnie zai harbe Odell a falo da bindigar maigidan, ya jefar da ita a ƙofar banɗakin, su tafi. Harlan ya fito ya tarar da gawar ɗan fashi, ga bindigarsa da ɗumi.

"Kana jin zai ce ba shi ba ne?" in ji Lonnie. "Mutumin da ya shekara yana roƙon Allah ya aiko masa ɓarawo? Kafin 'yan sanda su iso ya tsara labarin har da yadda ya yi tsalle."

Sharaɗi biyu ne kawai, in ji shi. Dole a sami bindiga a hannun gawar, kuma dole harsashin ya shiga ta ƙirji, don wanda aka harba ta baya gudu yake yi, doka ba ta rufe wannan. Ya zaro tasa ya jefa a kan taya: wata tsohuwar libarba mai biyar da ya gada wurin ubansa, ta yi tsatsa, an naɗe mariƙinta da baƙin salatif. Kunyarta yake ji tun yana saurayi. Ya ce wannan tsohuwar ita za ta raka Odell, ya huta da su duka biyun.

Odell ya dawo da giya mai sanyi, har da gyaɗa da ya saya wa yayansa don ya san yana so.

Mu koma ɗakin Harlan.

Lonnie ya ɗaga bindigar sama yana kallonta kamar amarya. Ya zare dogon gidan, ya ga harsasai jere suna ƙyalli har baki, ya yi fito, ya mayar. Sai wani tunani ya zo masa. Ya tambayi Harlan, ga wannan a ƙugunsa, me ya kai shi gudu wurin akwati?

Nan ne mutum zai gane girman kai ciwo ne. Bakin libarba na ƙeyarsa, amma Harlan bai iya cewa matarsa ce ta hana shi harsashi ba.

"Ta biyu na je ɗaukowa," ya ce. "Ni da hannu biyu nake harbi."

Lonnie ya yi dariya har safar fuskarsa ta jiƙe. Ya jijjiga akwatin, ya ga an ɗaure shi da ƙasa, ya tofa masa yawu. Ya tasa Harlan zuwa falo. Odell ya riga ya kwashe bindigogin farauta biyu daga bango ya zuba a jaka, yana ta ce wa Loretta ta yi haƙuri, Mama, ba za a taɓa ta ba. Har cokalin da ya faɗi ya ɗauka ya miƙa mata.

Loretta ta dubi abin da ke hannun Lonnie, ta dubi mijinta. Harlan ya dubi silifas ɗinsa.

"Ɗana, ka yi hankali da ita," ta ce wa Lonnie. "Ta taɓa kashe firiji."

Aka tura su banɗaki, aka tokare ƙofar da kujera.

A wuyan Loretta akwai wani ɗan maɓalli irin wanda 'ya'ya ke saya wa tsofaffi, in mutum ya faɗi ya danna a kawo ɗauki. Harlan ya daɗe yana yi masa dariya, yana ce masa ƙararrawar akuya. Ta zaro shi daga cikin riga. Harlan ya riƙe mata hannu, ya ce cikin raɗa ta tuna abin da ke rubuce a bakin hanya, me gari zai ce?

"Allonka ne," in ji ta. "Ni ban iya karatu ba yau."

Ta danna, ta raɗa wa maɓallin abin da ke faruwa.

Saƙon ya bi ta inda yake bi ya faɗa teburin Darlene. Ta kira ɗan sanda Merle Gaskin, wanda ke harabar cocin Baptis da faranti cike da soyayyar kaza. Ya sa ta maimaita adireshin. Ya ce gidan da ba sa kiranmu? Ko dai firijin ne ya dawo ɗaukar fansa? Ashe mai gyaran firiji ya ba Merle labari tun tuni, ya riƙe. Darlene ta ce fashi ne, da makami, mutum biyu a ciki. Merle ya ajiye farantin a kan motar fasto, ya kunna jiniya. Darlene ta koma kan aikinta, ba ta san wanda ta aika a kamo ba.

A falo Lonnie ya cire safar fuskarsa, ya ce wa Odell shi ma ya cire, zafi ya yi yawa. Sannan ya jefa masa libarbar.

"Riƙe min tsohuwar nan. Na bar maka ita, gudunmawar aure."

Odell ya cafe. Ya ce shi ya bar taɓa ƙarfe, amma tunda ta Kawu ce zai ajiye ta don tunawa. Ya saɓa jaka, ya nufi ƙofa. Lonnie ya ja saman fistol ɗin ya ɗana ta.

"Odell. Juyo."

Ya juyo.

Ƙas!

Bindigar ba ta tashi ba. Agogon bango kawai ke aiki. Odell ya dubi bakin bindigar da ke kallon ƙirjinsa, ya dubi fuskar ɗan'uwansa.

"Yaya, me kake yi?"

"Gwada ta nake yi, dalla," in ji Lonnie, yana murmushin da bai kai ido ba. Ya ja saman bindigar. Harsashi ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon miya. Wani ya hau. Bai sauke hannu ba.

Ƙas!

"Yaya."

"Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Gumi ya keto masa. Ya ja — harsashi ya tashi — ya danna — ƙas! Ya buga gindinta da tafin hannu, ya zagi uwar wanda ya ƙera ta, ya sake ja. Harsasai na zuba a kan kafet kamar gyaɗa. Talatin da uku ne, ai dole ɗaya ya tashi. Ko sau ɗaya bai ce yi haƙuri ba. Ko sau ɗaya bakin bindigar bai bar ƙirjin Odell ba.

Jakar ta zame daga kafaɗar Odell. Hannunsa ya tashi a hankali, kamar ba nasa ba.

Tau!

Tsohuwa mai tsatsa ba ta cije ba. Lonnie ya ja da baya, ya zauna a kujerar Harlan ta kallon talabijin, kujerar ta kwanta da shi ta ɗaga masa ƙafafu. Yatsansa ya ƙara danna kunamar bindigar sau ɗaya. Ƙas. Daga nan bai sake ba.

Sauro na cikin a-kori-kura a bakin hanya. Ya ji harbi ɗaya, ya ce a ransa an gama da Odell, ya tayar da mota yana jiran oga. Sai ya ji jiniya daga wajen gada. Abota ta ƙare nan take. Ya sa giyar baya, ya taka — garam! Ya kwashe allon Harlan, ya afka rami da shi. Merle ya iso ya tarar da shi yana ƙoƙarin fitowa ta taga. Tun ba a sa masa ankwa ba ya fara ba da labari, daga tayoyi har gyaɗa. Sai da Merle ya ce ya yi shiru a karanta masa haƙƙinsa tukuna.

Odell bai gudu ba. Ya janye kujerar da ta tokare banɗakin, ya fita ta ƙofar baya, ya zauna a matakala, ya ajiye libarbar gefe, ya ɗora hannaye a ka.

Harlan ya fito. Ya ga gawa a kujerarsa, ga bindigarsa a cinyar gawar, babu kowa a falon. Ya ɗauke ta. Merle ya shigo da tasa a hannu, ya dubi gawar, ya dubi Harlan, ya tambayi wanda ya yi harbin.

Harlan ya gyara wando. Ya yi gyaran murya.

"To, ka san mutum in ya yi atisaye sosai, jiki da kansa yake—"

Loretta ta sa cokali a kwanon miya ta tsamo harsashin, ta goge shi da tsumma, ta sa a tafin hannun Merle. Ta ce ya girgiza ya ji, babu albarushi a ciki. Ta ce wanda ya yi harbin yana matakalar baya yana kuka, kuma a bi shi a hankali, shi ne ya miƙa mata cokali.

Ashe Lonnie ya karanci Harlan daidai, harafi da harafi. Abin da ke cikin bindigar ne kawai bai karanta ba.

Ga abin da aikin ya ci. An binne Lonnie, mutanen da suka zo ba su cika benci ɗaya ba. Uwarsa da uwar Odell, 'ya'yan mace ɗaya, ba su sake gaisawa ba. Sauro ya sami sassauci saboda bakinsa, amma a kurkukun ma ba wanda ke zama kusa da shi. Darlene ta ajiye aiki ta bar garin. Loretta ta sa aka fitar da kujerar da kafet ɗin, ta haɗa kayanta ta tafi Memphis. Ta ce firiji ta yafe, amma mutumin da zai tsaya a kan gawar ɗan wani yana neman yabo, ba za ta sake dafa masa ko ruwan zafi ba.

Harlan kuwa, bayan ƙura ta lafa, sai ga shi a shagon Vernon. Muka yi zaton ya zo sayar da kayansa ne. Ya jingina da kanta, ya ce ya yi tunani sosai, libarba ce gaskiya. Amma mai biyar ta isa kuwa? Ko mai shida? In mutum bakwai suka shigo fa?

Vernon ya ɗauke kofin kofin da ya zuba masa, ya juye a kwandon shara.

Odell yana kurkukun jiha. Alƙali ya yarda kare kansa ya yi, amma fashin nasa ne, kuma zai daɗe. Cocinmu kan kai musu ziyara, na bi su sau ɗaya. Ya rame, gashinsa ya fara fari. Na ce masa ya gode wa Allah da ya bar shi da rai. Ya ce yana godewa. Sai ya ce ba ƙarar harbin ke hana shi barci ba.

"Baba, na farkon na ce wasa ne," ya ce. "Na biyun na ce yanzu zai sauke hannu. Jira nake ya sauke, wallahi. Da ya sauke, da ni zan ɗaukar masa jakar har mota."

'Yan sanda sun tsince harsasan da ke kan kafet, suka haɗa da na cikin miya. Goma sha ɗaya.